Fanka Ta Ƙi Bin Umarnin Tamostat: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Mataki-Mataki

A Birnin Kebbi ko Gusau, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana kuma bango ya kwana yana huci, babu mai wasa da maganar AC. Gidaje da ofisoshi da masaukan baƙi sun fara saka tamostat na zamani, wato na'urar da ke auna zafin ɗaki ta ba AC umarni, irin wanda ake sarrafawa daga wayar hannu, a ba shi jadawali, ya riƙa kunna sanyi yana kashewa da kansa. Daga cikin ƙorafin da masu shi ke yawan kawowa akwai na fanka. Wani ya ce ta ƙi tsayawa dare da rana. Wani ya ce manhaja na nuna tana aiki, amma ko labule bai motsa ba. Wani kuma ya zaɓi gudu mai ƙarfi, ita kuwa tana ta lallaɓawa abinta.

Tamostat ba shi ke juya fanka ba, umarni kawai yake bayarwa. Tsakanin yatsanka da iskar da ke fitowa akwai manhaja, akwai intanet, akwai tamostat ɗin kansa, akwai siraran wayoyi ko hasken rimot, akwai fanel, wato allon lantarkin da ke cikin AC, sannan injin fankar. Aikinka shi ne ka raba su gida biyu, mai ba da umarni da mai aiwatarwa, ka gano a wane gida laifin ya kwana. Wanda bai yi wannan rabon ba shi ne ke sayen sabon tamostat alhali kafasita, ɗan abin da ke taimaka wa injin fanka ya tashi ya juya, ita ce ta mutu.

Ka tanadi sukudireba, mitar auna wuta, guntuwar waya mai rufi, da rimot ɗin AC na asali da sababbin batura a ciki.

Mataki na farko: san irin wanda ke gidanka

Abubuwa uku ne daban-daban ake haɗawa a kira da suna ɗaya, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Wanda ya fi yawa a wajenmu shi ne na AC mai rabe biyu, rabi a bangon ɗaki rabi a waje. Irin wannan AC galibi ba shi da wurin da za a jona masa tamostat na bango. Abin da ake sa masa ƙaramar na'ura ce mai kwaikwayon rimot, irin su Sensibo, Tado, Broadlink, ko waɗanda ke aiki da manhajar Tuya. Da caja ake ba ta wuta, ita kuma ta riƙa aika wa AC saƙo da hasken da ido ba ya gani.

Na biyu su ne Nest, ecobee da Honeywell Home. An ƙera su ne don gidajen Amurka da Kanada, inda babban inji guda ke tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki. Da siraran wayoyi masu ɗauke da bolt 24 suke aiki. A nan sai a manyan gidaje, bankuna da ɗakunan taro za ka gan su.

Na uku shi ne na otal da asibiti, inda fankar ke ɓoye cikin silin, tamostat ɗin kuma yana ɗauke da wutar gida kai tsaye, bolt 230, da gudu uku. Idan ka ciro tsohon tamostat ka ga wayoyi masu kauri da harafin L da N, to wannan ne. Kada ka kuskura ka jona Nest ko ecobee a nan, nan take zai ƙone.

Wata magana kan tsaraba da kayan gwanjo. Nest ɗin da ake sayarwa a Ingila da sauran Turai yana zuwa da wani akwati mai suna Heat Link, kuma aikinsa ɗumama gida da ruwan wanka ne kawai. Bai san sanyi ba, bai san fanka ba, duk ƙwarewar mai gyara ba zai sa shi ya sani ba. Sannan tsofaffin samfuran Nest na 2011 da 2012, kamfanin Google, wanda ya sayi Nest a 2014, ya yanke su daga manhaja tun Oktoban 2025. Suna aiki idan ka murɗa su a bango, amma daga wayar hannu ba za su amsa ba.

Mataki na biyu: tabbatar cewa lalacewa ce

Da yawa daga abin da ake kira matsala ɗabi'ar injin ce kawai.

A tamostat na bango, fanka na da matsayi biyu. Auto na nufin ta tashi tare da sanyi ta tsaya tare da shi. On na nufin ta yi ta gudu ko da sanyi ko babu. Duba wannan kafin komai, domin yaro ɗaya mai taɓe-taɓe ya isa ya sauya shi. Ko a kan Auto ma, fanka kan ƙara kamar minti ɗaya bayan kwamfireso, injin da ke matsa gas ya samar da sanyi, ya tsaya, don ta kwashe sauran sanyin da ke jikin bututun ciki. Nest na da wani tsari mai suna Airwave da ke kashe kwamfireso da wuri da gangan ya bar fanka ita kaɗai ta ƙarasa aikin. A ecobee akwai wurin da ake saita mintunan da fanka za ta yi gudu a kowace sa'a, wasu samfuran Honeywell kuma suna da Circulate mai yin kusan haka. Idan fankarka na tashi tana tsayawa a kan tsari, kamar da agogo, ɗaya daga cikin waɗannan ne.

A AC mai rabe biyu kuwa, fankar ciki galibi ba ta tsayawa idan ɗaki ya kai sanyin da aka nema, kwamfireso ne kawai ke hutawa. Idan aka sa shi a Dry, mai alamar ɗigon ruwa, injin na riƙe fanka a ƙaramin gudu, ka danna duk abin da za ka danna ba za ta ƙara ba. Sleep ma na rage ta. Wasu kuma bayan an kashe su sai fanka ta ci gaba na wani lokaci tana busar da ciki don kada ya yi wari: Gree na kiran wannan X-Fan, LG kuma Auto Clean. Sannan bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, injin na jiran minti uku zuwa biyar kafin ya ta da kwamfireso. Kariya ce, ka ba shi lokacinsa.

Mataki na uku: jadawali, agogo, da hannu da yawa

Buɗe manhaja ka kashe duk wani jadawali da duk wani tsarin aiki da kai na ɗan lokaci, har da wanda ke kashe AC idan wayarka ta bar gida. Sannan ka tambaya, su wa ke da manhajar? Maigida na ofis yana rage fanka don tsimin man janareta, uwargida na gida tana ƙarawa, ɗansu na makaranta ya haɗa ta da Google Home ya saka nasa jadawalin. Kowa sai ya rantse na'ura ce ta haukace. Yawancin manhajojin nan suna ajiye tarihin umarni, wasu har da sunan wanda ya bayar. Karanta shi.

Duba agogon na'urar ma. A wani gida da na shiga a unguwar Gesse cikin watan Afrilu, Alhaji ya saita fankar ɗakinsa ta tashi ƙarfe 8 na dare, ita kuwa sai ƙarfe 1 take tashi, kullum, ba fashi. Yara har sun fara raɗe-raɗin mutanen ɓoye.

"Malam, wanga abu lahiya yake kuwa?"

"Lafiyarsa lau, ranka ya daɗe. Agogonsa ne ke can Amurka."

Wanda ya saka masa ya rubuta lambar wata unguwa a New York lokacin rajista, tamostat kuwa daga wurin da aka ce yana zaune yake ɗaukar lokaci. Tsakaninmu da New York sa'a biyar ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sa'a shida a sauran watanni. Idan fankarka na yin abin da ka umarta amma a lokacin da ba ka ce ba, ƙirga tazarar. In ta zo daidai da sa'o'i cikakku, agogo ne.

Mataki na huɗu: wuta

A nan ƙasarmu ta sha bamban da ƙasashen da aka ƙera waɗannan na'urori dominsu, kuma littafin da ke cikin kwali ba zai gaya maka wannan ba. Gida ɗaya a Badariya ko Tudun Wada na iya shan wuta iri uku a yini: ta layi, ta janareta, ta sola. Kowace da halinta, kuma kowane sauyi na sa na'urorin su mutu su sake farkawa.

Auna wutar soket lokacin da matsalar ke faruwa, ba da safe da komai ke lafiya ba. Ya kamata ta kasance kusa da bolt 230. Da yamma a bazara, kowa ya kunna abin sanyi, tana iya faɗuwa ƙasa sosai. Injin fanka idan bai samu isasshiyar wuta ba sai ya yi nauyi, ya yi zafi, gudunsa babba ya koma kamar ƙarami. A tsarin bolt 24 abin ya fi muni, domin ƙaramar taransifomar da ke cikin injin tana bin wutar da ta shigo mata ne sau da ƙafa. Idan 230 ta sauka zuwa 170, to 24 ta koma kusan 18. A haka rilen fanka, ɗan makunnin da ke kan fanel mai kunna ta, ba ya iya riƙewa, sai ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, fanka ta tashi ta faɗi, fuskar tamostat ta ɗauke ta dawo. Mutum ya gani sai ya ce tamostat ne, alhali yunwar wuta ce. Maganin sitabilaiza ce mai ƙarfin da ya dace da injin, tare da na'urar kariya irin AVS mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta kuma jinkirta kafin ta sake.

Lura ko matsalar na zuwa ne a kan janareta kawai. In haka ne, ko janaretan ya yi wa kayan ƙanƙanta ko gudunsa ba daidai yake ba. Wannan aikin makaniken janareta ne, ba na mai AC ba.

Sai intanet. Da yawa daga cikin na'urorin nan Wi-Fi mai 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Bayan an sauya wuta, na'urar kan riga rauta, akwatin da ke ba gida Wi-Fi, farkawa, ta nemi intanet ta rasa, wani lokaci ba ta komawa sai an zare ta an mayar. Ƙaramin batirin ajiya a jikin rauta na kashe wannan rigima. In kuma da MiFi gidan ke aiki, tabbatar data ba ta ƙare ba, kuma ba wanda ya sa shi a aljihu ya tafi kasuwa. Tamostat na bango yana ci gaba da aikinsa ko babu intanet, wayarka ce kawai ba za ta same shi ba. Mai kwaikwayon rimot kuwa, yawancinsu in intanet ta yanke sun zama ado.

Mataki na biyar: raba gardama, ga mai AC mai rabe biyu

Zare na'urar zamanin daga wuta gaba ɗaya. Ɗauki rimot na asali, sa AC a Cool, ka bi gudun fanka ɗaya bayan ɗaya, kana tsayawa kamar rabin minti a kowanne, hannunka a bakin iska. Idan ka ji bambanci a kowane mataki, AC ɗinka lafiya lau, laifin na ɗan aike ne. Idan ko da rimot na asali fankar ba ta sauya ba, bar batun manhaja, tsallaka zuwa mataki na ƙarshe.

Na ce ɗan aike domin haka na'urar take: yaro ne da ake aika shi ya tsaya bayan katanga ya ƙwala saƙo ya juya, bai jira ya ji ko an amsa ba. AC ba ya mayar mata da amsa. Abin da manhaja ke nuna maka shi ne umarnin ƙarshe da aka aika, ba halin da injin ke ciki ba. Shi ya sa za ka ga waya na cewa fanka na gudu mai ƙarfi alhali AC a kashe yake.

Saboda haka ka yi amfani da kunnenka. Mayar da na'urar, aika umarni daga waya, ka saurari ɗan ƙaran da AC ke yi in ya karɓi saƙo. In bai yi ba, saƙon bai isa ba. Haska kyamarar wayarka a fuskar na'urar lokacin da kake aikawa. Kyamarori da yawa, musamman ta gaba, suna nuna walƙiyar hasken da shunayya-shunayya. Idan tana walƙiya, matsalar hanya ce: labule, kabad, ko an juya ta lokacin shara, ko rana na dukan idon AC ta taga, ko ƙurar hunturu ta rufe ɗan gilashin da ke karɓar saƙon. Goge shi, ka matso da na'urar inda take kallon AC ido da ido.

Idan AC na amsawa amma fanka na yin wani abu daban, to an zaɓa masa yaren da ba nasa ba. Rimot ɗin AC ba kamar na talabijin ba ne. Duk dannawa ɗaya yana aika komai a dunƙule: yanayi, digiri, gudun fanka, kaɗawar fiffike. Kamfani ɗaya na iya samun tsarin rimot iri-iri, kuma wanda ya yi kusa da naka zai iya kunnawa da kashewa daidai amma ya rikita fanka, ko ya ba ka gudu uku alhali injinka na da biyar. Masu sakawa sukan gwada kunnawa da kashewa kawai su ce an gama. Goge AC ɗin daga manhaja ka sake haɗawa, wannan karon da rimot na asali a hannu, ka bar na'urar ta saurari rimot ɗin ta gane shi da kanta, sannan ka gwada kowane gudu kafin ka amince. Ka kuma tuna wasu AC da ake sayarwa da wani suna, wani kamfanin ne ya ƙera cikinsu, don haka in tsarin sunan da ke jiki bai yi ba, na Gree ko Midea na iya yi.

Dunƙulewar saƙon nan ita ce kuma ke jawo wani abin haushi: uwargida ta ƙara fanka da rimot, bayan ɗan lokaci manhaja ta gyara digiri da kanta, sai ta aiko da tsohon gudun fankar da ta sani, ta rushe abin da aka yi. Wasu na'urorin, kamar Sensibo, suna jin rimot in an danna shi a gabansu su daidaita kansu. Waɗanda ba sa ji, sai gida ya zaɓi ɗaya, ko rimot ko waya.

Mataki na shida: raba gardama, ga mai tsarin bolt 24

Kashe birekar injin ciki tukuna. Ciro fuskar tamostat, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa ko ɗaya. Haruffan da suka dame ka su ne R mai kawo wuta, C mai mayar da ita, Y na kwamfireso, G na fanka, W na ɗumama. A al'ada R ja ce, G kore, Y rawaya, W fara, amma kada ka dogara da launi, mai sakawa da abin da ya samu a shago ya yi aiki. Bi harafin, kuma ka gwada shi da abin da ke kan fanel a wancan ƙarshen.

Fara da kallon G. Akwai waya a cikinta? Nest ba ya ma nuna zaɓin fanka sai ya ji waya a ramin G. Ja ta a hankali. Sau da yawa za ka tarar bakinta ya lanƙwashe, ko ya yi baƙi, ko an feƙe ta gajeriya har maƙallin ya kama roba maimakon tagulla. Yanke bakin, ka feƙe sabo kamar santimita ɗaya, miƙaƙƙe, ka tura har maƙallin ya zauna.

Idan ramin G babu komai, ga abin da mai yiwuwa ya faru. Tamostat na zamani na bukatar C don ya samu wuta a kai a kai, tsofaffin gine-gine kuwa wayoyi huɗu kawai aka ja. Sai mai sakawa ya ari wayar G ya mayar da ita C, ya haɗe Y da G a kan fanel. Sanyi zai yi aiki, amma fanka ba za ta taɓa tashi ita kaɗai ba. Mu a nan muna da sauƙin da mutanen ƙasashen sanyi ba su da shi: ba ma ɗumama gida. Idan injinka na sanyi ne zalla, wayar W zaman banza take yi. A mayar da ita C a ƙarshen biyu, a cire haɗin Y da G, a mayar wa G wayarta. In babu wayar da ta rage, ko a ja sabuwa mai biyar, ko a yi amfani da ɗan akwatin da kamfanonin suka yi don wannan, PEK na ecobee ko Nest Power Connector.

Yanzu gwajin kansa. Wuta a kashe, haɗa R da G a nan bango da guntuwar wayarka, ka tabbatar ba su taɓa wata ba, sannan ka kunna bireka. Kiyaye kada R ta taɓa C, garin gyaran gira a rasa ido: fiyus zai tashi, in an yi rashin sa'a har taransifoma.

Idan fanka ta tashi, waya da fanel da injin fanka duk sun fita daga zargi, saura tamostat. Mayar da shi, sake saita shi tun daga tushe, ka umarce shi da fanka, ka auna tsakanin G da C a kan fanel. Ya kamata ka ga kusan bolt 24. In babu, tamostat ɗin ne ya mutu, kuma sai yanzu ne sayen sabo ya halatta.

Idan ba ta tashi ba, kashe wuta ka je wurin injin ka maimaita haɗin R da G a kan fanel kai tsaye. Ta tashi a can amma ta ƙi a bango? Waya ta katse a hanya, kuma a silin ɗinmu ɓera ne na farko da za a tuhuma. Ta ƙi a can ma? Auna R da C. In babu wuta, duba ɗan fiyus mai kama da na mota da ke kan fanel, amfiya 3 ko 5. Sauya shi da irinsa daidai. Kada ka yarda a naɗa masa silin waya kamar yadda ake yi wa fiyus ɗin gida, domin abin da ya ƙona shi zai wuce ya ƙona fanel. Duba murfin injin ma, wasu suna da makunni da ke yanke wuta in murfin bai zauna ba. Da damina kuma, in bututun zubar da ruwa ya toshe, wasu injinan suna da makunni mai tasowa da ruwa da ke yanke wutar tamostat don kada silin ya jiƙe. Zanzaro na son bakin wannan bututu ƙwarai, yakan cika shi da laka.

Ga fankar da ta ƙi tsayawa kuwa, hanyar ce a juye. Cire fuskar tamostat ka jira minti biyu. In ta tsaya, shi ne ko saitinsa. In ba ta tsaya ba, kashe wuta, zare G daga kan fanel, ka kunna. Ta tsaya? Wayoyi sun haɗe a wani wuri cikin bango ko silin. Tana nan tana gudu? Rilen da ke kan fanel ya manne.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: waya ɗaya ta G kunnawa da kashewa kawai take yi. Gudun fanka a kan fanel ake saita shi. Wasu samfuran suna iya gudu uku, amma sai da ƙarin wayoyi.

Mai bolt 230

Wannan ba na koyo ba ne, a kira mai aikin lantarki. Amma ka san abin da zai duba. Wayoyi uku ne ke fita zuwa fanka, kowace da gudunta, kuma ɗaya kawai ke ɗaukar wuta a lokaci guda. Idan babban gudu na ba da ƙarami, ƙarami na ba da babba, an sauya musu wuri. Idan gudu ɗaya ne ya mutu, ko rilensa ko wayarsa. Idan an rataya fanka biyu a tamostat ɗaya kai tsaye, kamar yadda ake yi a wasu ɗakunan taro don tsimi, wuta na komowa daga wannan zuwa wancan, gudu ya rikice, inji ya yi zafi. A cikin ɓoyayyen saitinsa kuma galibi akwai zaɓi na ko fanka ta tsaya in sanyi ya kai ko ta ci gaba a hankali.

Mataki na ƙarshe: idan laifin na fankar ne kanta

Fara da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika komai, AC kuma a kashe, sai a tashe shi a Maris ba tare da an buɗe shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wankin inji a Fabrairu ya kamata a yi shi. Ciro ragar tace ƙura ka ɗaga ta ga haske. In ba ka hango haske ba, iska ma ba ta wucewa. Wanke ta da ruwa, ta bushe a inuwa, kuma a lokacin aiki kada ta wuce mako biyu ba a wanke ba. Haska tocila cikin bakin iska ka kalli doguwar fankar mai kama da gora. Idan fikafikanta sun cika da ƙura mai danƙo, tana juyawa ne kawai ba ta ɗibar iska.

Idan iska na farawa da ƙarfi sannan ta riƙa raguwa bayan sa'a ɗaya ko biyu, ɗaga murfi ka duba ko ƙanƙara ta kama bututun ciki. Toshewar raga ko ƙarancin gas ke jawo haka. Sa shi a Fan kawai har ta narke. In ta dawo bayan an wanke raga, mai yiwuwa akwai yoyon gas, kuma a nemo inda yake yoyo kafin a ƙara.

Injin da ke gurnani bai juya ba, ko wanda sai an tura shi da tsinke yake tashi, ko wanda gudunsa ya ragu a duk matakai, kafasita ce galibi. Zafinmu na cin ta da wuri. Wani lokaci za ka ga kanta ya kumbura, wani lokaci sai an auna. A sa mai lambar maikrofarad, wato ma'aunin girmanta da ke rubuce a jikinta, daidai da tsohuwar, bolt ɗinta kuma daidai ko sama. Masu cewa a sa babba don fanka ta ƙara gudu, injin suke dafawa. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe bireka, kada ka kama bakinta da hannu.

Da yawa daga cikin AC masu inbata, wato waɗanda kwamfiresonsu ke rage gudu ya ƙara da kansa, ba su da wannan kafasitar, injin fankarsu daga fanel yake shan wuta mai kusan bolt 310, kuma zare wayoyinsa daga fanel da wuta a jiki na iya kashe fanel da injin a tare. Irin waɗannan sukan faɗi ciwonsu da lamba a fuska. A Gree, H6 na nufin fanel bai ji motsin fankar ciki ba, a yawancin Midea kuma E3 ke nuna gudun fanka ya kauce. Idan fanka ta tashi na ɗan daƙiƙu ta tsaya lamba ta fito, sau da yawa siririyar wayar da ke kai wa fanel labarin gudun ce ta saki. A buɗe akwatin fanel a duba. Tsaka na son ɗumin wurin, kuma ba sau ɗaya ba akan tarar da ita a bushe, miƙe a kan fanel, ta haɗe abin da bai kamata ya haɗu ba.

Idan za ka kira mai gyara, gaya masa sakamakon gwajin da ka yi: rimot na asali ya yi ko bai yi ba, haɗin R da G ya ta da fanka ko bai tayar ba, wutar soket nawa ce, wace lamba ta fito. Duk abin da ya cire ya bar maka shi. Kafin ka sallame shi, ku gwada fanka ita kaɗai, ku gwada ta da sanyi a kowane gudu, daga bango ko rimot sannan daga waya, ku kashe ku ga ta tsaya. Sannan a juya gidan zuwa janareta ko sola, a jira minti biyar, a sake maimaitawa.